Birnin Kano A Ƙasa: Daga Dala Zuwa Ƙofar Na'isa

Duk wanda ya shiga birnin Kano a cikin mota, titi ya gani, bai ga birni ba, domin magabatan da suka shata lungunan nan da ƙafa da jaki da raƙumi suka auna su. Saboda haka mai son ya karanci tarihin garin daga jikin gine-ginensa sai ya sauka ya taka, kuma ya fi kyau ya yi sammako ya fara daga Dutsen Dala.

Dala ta girmi ganuwa, ta girmi sarauta. Littafin Tarihin Kano ya nuna cewa a nan Barbushe yake yi wa jama'a tsafi wajen Tsumburbura, kafin zuwan Bagauda, wanda masana suke ƙiyasta farkon mulkinsa a shekara ta 999. Idan mutum ya hau matakalar siminti ya kai ƙoli, zai hangi Gwauron Dutse daga yamma, sa'an nan ya ga gari ya shimfiɗu ta kowace fuska, kwano yana ƙyalli a inda a da soraye ne jajaye. Daga nan ne ake fahimtar dabarar masu ganuwa. Sarki Gijimasu (1095-1134) ne ya fara gina ta, Muhammadu Rumfa (1463-1499) ya faɗaɗa ta, aka kuma ƙara a zamanin Muhammadu Nazaki a ƙarni na 17. Ba gidaje kaɗai suka kewaye ba, har da gonaki da ruwa, don in abokan gaba sun yi wa gari zobe yunwa ba za ta ci mutane ba. Kyaftin Clapperton, mutumin ƙasar Sikotland da ya iso Kano a Janairun 1824, ya ƙiyasta kewayen ganuwar mil 15 da ƙofofi 15, ya kuma lura cewa gidaje ba su ci fiye da rubu'in filin da ke ciki ba.

Gangarowa daga Dala zuwa Kasuwar Kurmi, abin da ya kamata matafiyi ya kasa wa kunne shi ne sunayen unguwanni, domin sun fi bangon ƙasa ƙarko. Madabo tana tuna mana Wangarawan da suka zo daga Mali a zamanin Sarki Yaji (1349-1385). Sharifai tana danganta kanta da Shaihu Magili, baƙon Rumfa. Dandalin Turawa kuwa ba Turawan Ingila ake nufi ba, Larabawan arewacin Afirka ne, fatake masu ƙetaro Sahara. Haka Alfindiki, daga kalmar Larabci mai nufin masaukin baƙi. Ga Tudun Nufawa, ga Agadasawa, ga Ayagi ta Yarabawa, ga Zangon Barebari. Ɗalibanmu na nan Lafiya ya kamata wannan suna na ƙarshe ya tsaya musu a rai, tun da garin da suke karatu a ciki shi ma Barebari ne suka kafa shi a ƙarƙashin Muhammadu Dunama, har ake ce masa Lafiyar Barebari. Ita kuwa Kurmi, wadda Rumfa ya kafa a gefen Jakara, rumfunanta yanzu na siminti ne, amma har yau kowace sana'a da layinta, 'yan turare daban, dukawa daban, masu kayan doki daban.

A cikin lungunan nan, inda wani wurin mutum biyu ba sa iya jerawa, har yanzu akan yi kiciɓis da tsohon zaure mai zankwaye da indararo da dagi a goshin ƙofa. A nan ya kamata a dakata. Maginin Hausa ba ya sayo komai daga nesa. Ƙasar da ya kwaɓa ya yi tubali a bayan gida ya haƙo ta, ramin da ya bari shi ne kududdufin unguwa. Azarar da ya ɗaura rufi da ita daga giginya take, itacen da gara ba ta cika yi masa ɓarna ba. Da yake azara ba ta jure nauyi in ta yi tsawo, sai ya riƙa jera gajeru, kowace tana ɗan zarce ta ƙasa da ita, yana ɗaurewa yana lulluɓewa da ƙasa, har baka biyu su haɗu a sama. Wannan shi ne bakan gizo, kuma idan bakuna suka giciye suka ɗauki rufi mai tulluwa, an sami ɗaurin guga. Makubar da ake shafe bango da ita daga kwasfar ɗorawa ake samo ta.

Abin da ya fi burge ni shi ne laso, wato simintin Bahaushe. Don a gane shi sai an ƙarasa marinar Ƙofar Mata, wadda ake cewa tun 1498 take. Katsin da yake taruwa a gindin rijiyar rini, shi ake kwashewa a ƙona a daka, a haɗa da gashin da majema suka kankare daga fata da kuma dafara, a yaɓe soro da shi ruwa ya kasa ratsawa. Ashe sharar marini da ta majemi ita ce jarin magini. Da rini ya ja baya, rijiyoyi da yawa suka bushe, sai katsi ya yi wuya, laso ya bi shi. Masu ɗora laifin mutuwar ginin ƙasa a kan siminti da son zamani kawai, a ganina, rabin magana suka faɗa.

Daga Ƙofar Mata hanya ta miƙe zuwa Babban Masallaci, wanda aka sāke gininsa da siminti a zamanin Sarki Abdullahi Bayero, sai Gidan Rumfa, fadar da sarakunan Haɓe da na Fulani suka yi ta gāda fiye da shekara 500. A kusa da Ƙofar Kudu Gidan Makama yake, inda aka ce Rumfa ya zauna kafin ya hau gado. Yanzu gidan tarihi ne, kuma nan ne wuri mafi sauƙi da baƙo zai ɗaga kai ya ƙare wa ɗaurin guga kallo. A ciki aka jingine ƙyamaren wasu tsofaffin ƙofofin gari, abin da yake nuna cewa ƙofofin da ke tsaye a bakin titi yau sunan ne na da, ginin sabo ne.

Tafiyar takan yi nauyi a zuciya idan aka fito bakin badala. Ginin ƙasa yana rayuwa ne da yaɓe, kuma a da bayan kowace damina akan yi gayya a gyara inda ya zube. Tun da sojojin Ingila suka shiga garin a Fabrairun 1903, ganuwa ta rasa aikinta na tsaro, gayyar ma ta mutu. Ruwan sama ya ci rabonsa, masu ɗibar ƙasa suka ci nasu, masu neman filin shago da gidan mai suka ƙarasa. An sanya ganuwar a jerin wuraren da Nijeriya take neman Hukumar UNESCO ta amince da su a 2007, amma a 2010 aka rushe tsohuwar Ƙofar Na'isa don faɗaɗa titi.

Ba Kano kaɗai ta taɓa rushe ƙofarta ba. Edinbura, babban birnin ƙasar su Clapperton, ita ma tana da ganuwa, wadda aka ƙarfafa bayan yaƙin Flodden na 1513, kuma a 1764 mutanenta suka rushe ƙofarsu ta Netherbow domin ta matse hanya. Daga baya suka dasa ƙananan tubalan tagulla a cikin daɓen titi, suka shata daidai inda ƙofar ta tsaya, ga guntayen ganuwar kuma an bar su a tsaye ana kula da su, har tsohon garin da sabon suka shiga jerin UNESCO a 1995. Ganuwarsu ta dutse ce, ba ta bukatar yaɓe, wannan gaskiya ne. Amma shata wurin da gini ya taɓa tsayawa ba ya bukatar dutse, kuma tsakanin Ƙofar Na'isa da Gadon Ƙaya akwai wuraren da, in ba dattijon unguwa ne ya nuna da sandarsa ba, mai tafiya ba zai san ya taka badala ya wuce ba.