Ƙuri'a ko jeri: tarihin haɗa abokan karawa, daga filin kokowa zuwa ƙwallon kwando

A duk gasar da wanda ya faɗi yake fita, akwai tambayar da ake warwarewa tun kafin a shiga fili: wa zai kara da wa? Amsar tana da tarihi, kuma ya kamata malamai da shugabannin ƙungiyoyi masu shirya wasanni a ƙasar Kurfai su san shi.

A gargajiyance, kokowa wasan kaka ce. In an gama girbin hatsi, samari su taru a dandali, makaɗi yana zuga, gwani ya fito ya yi kirari, duk mai jin ƙarfi ya tare shi. Dattawa ke sa ido kada a haɗa yaro da ƙato. Ba takarda, ba alƙalami, domin kowa ya san ƙarfin kowa.

Al'amarin ya sake a 1975, zamanin mulkin Seyni Kunce, ɗan Fandu ta gundumar Filinge, lokacin da aka yi gasar kokowa ta ƙasa ta farko a Tawa, Yakuba Kantu na Maraɗi ya zama zakara. Daga baya gasar takobi ta zauna a kan jihohi 8, kowace da ƴan kokowa 10, jimilla 80. Ɗan Filinge sai ya tsallake zaɓen jihar Tilaberi kafin ya shiga cikinsu. Ƙuri'a ce ke haɗa mutum da abokin karawarsa, kuma wanda ya sha ƙasa ya fita daga neman takobi. Ƙuri'a ba ta san ɗan sarki ba, wannan ne alherinta. Aibinta shi ne gwanaye biyu suna iya haɗuwa tun da wuri, ɗaya ya fita alhali ya fi waɗanda suka saura.

Jami'o'in Amurka sun bi wata hanya a gasarsu ta ƙwallon kwando, wadda aka fara a 1939 da ƙungiyoyi 8. Tun daga 1979 wani kwamiti ke duba sakamakon wasannin shekara, ya jera dukan ƙungiyoyi daga mai ƙarfi zuwa mai rauni. A 1985 adadinsu ya kai 64, aka kasa su gida 4, kowane da 16. Ta 1 tana karawa da ta 16, ta 2 da ta 15, haka har ta 8 da ta 9. Manufar ita ce wanda ya yi ƙwazo duk shekara ya ci moriyarsa, manya kuma kada su haɗu sai can kusa da ƙarshe.

Sai dai irin wannan gasa ba ta rabuwa daidai sai da adadi kamar 8, 16, 32 ko 64. A 2001 ƙungiyoyi suka zama 65, dole biyu na ƙarshen jeri suka fara karawa a garin Dayton na jihar Ohayo don neman gurbi guda. A 2011 suka zama 68, wasannin share fage suka zama 4: biyu tsakanin zakarun rukunoni mafi rauni, biyu tsakanin ƙungiyoyin ƙarshe da kwamiti ya gayyato. Masu nasara 4 su cike 64.

Kada mai karatu ya zaci jeri yana rufe wa ƙanana ƙofa. A 2011 jami'ar VCU ta taso daga share fage har wasan kusa da na ƙarshe, UCLA ma ta yi haka a 2021. A 2018 UMBC, mai lamba 16, ta fitar da jami'ar Bajiniya mai lamba 1, abin da bai taɓa faruwa ba a gasar maza.

Ga darasin da ya shafe mu. A ce makarantu 10 za su yi gasa a Filinge. Huɗu na ƙasan jeri su yi wasa 2, masu nasara su haɗu da shida na sama, a samu 8 cif, ba wanda ya wuce zagaye don sanayya. Amma da me za a gane huɗun ƙasa? Jeri ba ya tsayuwa sai a kan sakamakon da aka rubuta aka adana. Inda babu shi, son rai ne zai ɗora makarantar birni sama, ya jefa ta ƙauye ƙasa, yaran ƙauye su koma gida da zargin an zalunce su, kuma da gaskiyarsu.

Saboda haka, matuƙar ba mu da kundin sakamako, ƙuri'a a bainar jama'a ta fi adalci. Aikin da ke gabanmu shi ne kowace makaranta da kowace ƙungiya ta buɗe littafi, ta rubuta ranar wasa, sunayen waɗanda suka kara da abin da aka tashi. In aka yi haka shekara biyu ko uku, za a iya jera ƙungiyoyi bisa hujjar da kowa zai iya buɗawa ya karanta.