Yadda aka koya wa jini yaƙar sankarar ƙwaƙwalwa

In mutum a Saji ya dinga tashi da ciwon kai da amai da sassafe, ko farfaɗiya ta same shi da girmansa, sau da yawa jifa ko iska ake fara zargi. Kafin a je asibitin Rano, a tura shi Asibitin Malam Aminu Kano a ɗauki hoton ƙwaƙwalwa, an ci wata da watanni. Wani lokaci hoton kan nuna ƙari, mafi muninsa kuwa shi ne giliyobilastoma. Ko a Turai, bayan tiyata da gashi da maganin temozolomide da bincike ya tabbatar a 2005, rabin masu ita ba sa wuce wata 15.

Tunanin a sa jiki ya yaƙi sankara da kansa ya daɗe. A 1891 likita William Coley na New York ya yi wa mai sankara allurar ƙwayoyin cuta da gangan, zazzaɓi ya tashi, ƙarin ya motse. Likitocin zamaninsa ba su gamsu ba. Sai a 1989 Zelig Eshhar na Cibiyar Weizmann a Isra'ila ya gano yadda za a gyara sojojin jini, a ɗora musu ƙugiyar da ke gane sankara. Wannan ne CAR-T: a ɗebi jinin majinyaci, a tace sojojin, a gyara su, a hayayyafa su, a mayar masa.

A sankarar jini abin ya ci. A 2012 tawagar Carl June a Filadelfiya ta ceto yarinya 'yar shekara shida, Amurka kuma ta amince da maganin a 2017, kan dala 475,000. Wannan kuɗi kaɗai ya isa ya sanyaya gwiwar talaka.

Ƙwaƙwalwa ce ta yi gardama. Tana da shingen da ke tare abin da jini ya kawo, ƙwayoyin ƙarin kuma ba kamarsu ɗaya ba, a kashe wasu, wasu su tsira. Shi ya sa a asibitin City of Hope da ke Kalifoniya aka zuba sojojin kai-tsaye cikin ruwan ƙwaƙwalwa. Rahoton 2016 ya nuna ƙarin wani mutum ya ɓace wata bakwai da rabi kafin ya dawo. A Maris 2024 likitocin Boston suka ba da labarin mutum uku. Ƙarin wata mata mai shekara 57 ya kusa ɓacewa cikin kwana biyar. A biyu daga cikinsu ya sake tsirowa, na ukun ya haura wata shida bai dawo ba.