Jirgin sama ba ya barin sawu

Kai makiyayi, in saniyarka ta ɓace, sawunta kake bi. To, jirgin sama fa?

A watan Afrilun 1933 wani matuƙi ɗan Ingila, Bill Lancaster, ya tashi shi kaɗai a ƙaramin jirgi daga Reggan ta Aljeriya, ya doshi Gao. Cikin dare inji ya mutu, ya faɗo a hamadar Tanezruft da ransa. Kwana takwas yana fake ƙarƙashin fiffike, yana kurɓar ruwansa kaɗan-kaɗan, yana rubutu a littafinsa. An fita nema, amma ta ina za a fara? Sai a 1962 sojojin Faransa suka tsinci gawarsa.

A 1982 Tarayyar Sobiyet, Amurka, Kanada da Faransa suka fara amfani da tauraron ɗan'adam wajen jin kiran na'urar neman agaji da ke cikin jirgi. A watan Satumban shekarar aka ceto mutum uku a duwatsun Kanada. Sai dai ita na'urar sai an faɗi take kira; in ta ƙone, shiru ke nan.

Na'urorin bin sawu na yau, irin su inReach, ba su wuce tafin hannunka ba. Tun daga tashi suke aiko da wurin da jirgi yake, ko babu sabis na waya. In saƙo ya yanke, daga nan nema zai fara. Amma ka lura: jirgin da ke gudun kilomita 200 a awa, cikin minti 10 ya ci fiye da kilomita 30. Shi ya sa matuƙi mai hankali yake rage tazarar da ke tsakanin saƙo da saƙo.