Sifirin Gaba: Ƙarfen da Ya Ɗauki Fataucin Kan Iyaka

'Yan uwa membobin ƙungiya, a duk bikin cikar shekara mukan tuna da fatake da direbobin da suka buɗe mana hanya. Bana bari mu tuna da wani ƙarfe da ya yi wahalar tare da su, wato sifirin mai ganye, wanda bakanikan da suka koyi aiki da Faransanci ke kira lam.

Sifirin ya girmi mota. A 1804 Obadiah Elliott ya yi rajistar irinsa a Landan domin keken doki. Da Ford ta fito da Model T a 1908, sifiri ɗaya tal ta sa a gaba, a gicciye. Daga baya aka fi raja'a ga guda biyu a miƙe, ɗaya kowane gefe. Nan sifirin ke aiki biyu: yana shanye gargada, yana kuma riƙe da gindin ƙafafun gaba a mazauninsa. Shi ya sa karyewar na gaba ta fi ta baya haɗari, domin sitiyari take taɓawa.

Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, sannu a hankali motoci suka karɓi aikin raƙuma da jakuna. Gyaɗar Maraɗi ta bi ta Jibiya da Katsina, ta Damagaram ta bi ta Matamaye da Daura. A kan irin wannan sifirin Bedford da Berliet da Marsandi 911 suka yi ta zirga-zirga. Abin da ya sa ya karɓu shi ne yana gyaruwa a ko'ina. In ganye ya karye a daji, sai yaran mota su saƙala itace su ɗaure da robar tsohon tub har a kai gari. A can maƙeri ya yanko wani ganye, ya lanƙwasa shi da guduma. Wanda ya mutu ma ba a yar da shi: da shi ake ƙera wuƙa da adda da gatari.

Masu son farfaɗo da tsohuwar mota su lura, sifirin gaba ba duka ɗaya ba ne. Ɗauki Land Rover, wadda ta fito a 1948. Gajeriyar mai fetur ganye 9 gare ta a gaba, mai dizal kuwa 11 saboda nauyin inji. Sannan na gefen direba ya fi ɗan'uwansa lanƙwasa. Nan iyaka ta shigo: sai ranar 2 ga Afrilu 1972 Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama, don haka tsofaffin motocinta sitiyarinsu na dama ne, na Nijar kuwa na hagu. Wanda ya sayo sifiri a tsallake ya ɗaura yadda ya gan shi a can, sai ya ga motarsa ta karkace.

Dattawan gareji sun bar mana ƙa'idoji. Ba a walda a kan babban ganye, domin wuta na kashe ƙarfinsa. Sauya shi ake yi. Ana canza sifiri biyun tare. Ana duba ƙusar tsakiya da bushin. Ba a ɗaure notocin ƙarshe sai an sauke mota ta tsaya da ƙafarta.

Land Rover ta koma sifirin mai murɗi a 1983, Land Cruiser 70 kuma ta yi haka a gabanta a 1999. Yau 'yan gwangwan na auna tsofaffin motocin da kilo, masu sanin gyaransu kuma suna ƙarewa. Duk wanda ke da irinsu a bayan gida, ya sanar da ofishin ƙungiya kafin ya sayar. Allah ya jiƙan magabata, ya tsare mana hanya.