Wa Zai Kai Ɗauki Idan Tarago Ya Kife a Katsina?

Layin dogon Kano zuwa Maraɗi, wanda aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021 kuma kamfanin Mota-Engil ke shimfiɗawa, zai ratsa Daura da Katsina da Jibiya, tsawon kusan kilomita 284. Katsina, birnin Dikko, bai taɓa ganin jirgin ƙasa ba, domin tsohon layin Zariya zuwa Ƙauran Namoda ta Funtuwa ya bi. Ke nan duk ƙwarewar da 'yan kwana-kwana da jami'an kiyaye haɗurra da ma'aikatan hukumar agajin gaggawa ta jiha (SEMA) suke da ita a nan, a kan kwalta suka samo ta.

Haɗarin jirgi kuwa daban yake. Yakan auku a dokar daji, inda motar asibiti ba ta da hanyar shiga. Harin 28 ga Maris 2022 a kan jirgin Abuja zuwa Kaduna, da kaucewar da jirgi ya yi a Asham, shi ma a layin Abuja zuwa Kaduna, a Agustan 2025, duk sun nuna cewa fasinjoji ɗaruruwa na iya buƙatar taimako a lokaci guda. Idan tarago ya kwanta a gefensa, ƙofarsa sama take komawa, sai da tsani. Tagoginsa a like suke saboda na'urar sanyaya ɗaki, ƙarfensa kuma ya fi ƙarfin almakashin da ake yanka motar haya da shi. Kan jirgin, ko da yake dizal yake sha, lantarki mai kisa yake samarwa don juya ƙafafunsa. Sannan darasin farko ga mai ceto shi ne kada ya taka layi sai an tabbatar masa an tsayar da zirga-zirga, don jirgin da ya ɗauko gudu kan ci kusan kilomita guda kafin birki ya tsayar da shi.

A ganina, babban giɓin yana wajen waɗanda za su riga kowa isa: manoman gefen layi, 'yan sintiri, da 'yan agajin ƙungiyoyin addini. Mu mutane ne masu saurin kai ɗauki, amma ciccibar wanda ya karye a ƙashin baya da hannu da ƙafa na iya shanye masa jiki har abada. Waɗannan masu riga kowa isa ya kamata a fara koya wa karanta lambar kilomitar da ke bakin layi don kwatanta wuri, da tsayar da jini, da tantance wanda za a fara ɗauka. Mai yawan ihu yana numfashi. Wanda ya yi shiru shi ne abin dubawa.

Akwai kuma buƙatar atisaye, wanda sai an haɗa da Asibitin Koyarwa na Tarayya da asibitin ƙashi na Janar Amadi Rimi, a raba tun yanzu wa zai karɓi masu karaya, wa zai karɓi masu buƙatar tiyata da ƙarin jini.