Tarihin Yaɗuwar Juriyar Magani Tsakanin Ƙwayoyin Sitireftokokas

Sitireftokokas jinsi ne na ƙwayoyin cuta masu siffar ɗigo da ke jeruwa kamar carbi, kuma daga cikinsu ake samun masu haddasa ciwon maƙogwaro da ciwon huhu da zazzaɓin bayan haihuwa. Bayan Joshua Lederberg ya raɗa sunan filasmid a 1952 ga ɗan guntun sinadarin gado da ke zaune cikin ƙwaya yana ninka kansa da kansa, kuma malaman Japan suka tabbatar a 1959 cewa ƙwayoyin atini suna miƙa wa juna juriyar magunguna da dama lokaci guda, sai masu tahkiki suka tsananta bincike a kan ƙwayoyin hanji na dangin ƙwayar atini, alhali hujja game da sitireftokokas ba ta bayyana ba sai a 1972, lokacin da Courvalin da abokansa a Cibiyar Pasteur ta Faransa suka gano filasmid mai ɗauke da juriyar eritiromaisin da tetirasaikilin cikin Streptococcus faecalis.

A 1974 Jacob da Hobbs suka nuna cewa wannan gado yana ƙetarewa daga ƙwaya zuwa maƙwabciyarta ta hanyar haɗuwar jiki, ba sai ta haihuwa ba. Don Clewell na Jami'ar Michigan kuwa ya siffanta filasmid pAMβ1, wanda ke sa ƙwaya ta sauya gurbin da eritiromaisin ke kamawa a jikin masarrafar furotin ɗinta, har maganin ya rasa inda zai riƙe. Abin al'ajabi mafi girma ya zo a 1978, sa'ad da Dunny da Brown da Clewell suka gano cewa ƙwayar da ba ta da filasmid tana fitar da wani sinadari na kira, mai shi kuma ta amsa ta manne mata. Babban haɗarin pAMβ1 da ɗan'uwansa pIP501 shi ne ba su tsaya ga jinsi ɗaya ba, suna iya shiga ƙwayoyin da nasabarsu ta yi nisa.

A 1984 aka cire faecalis daga jinsin sitireftokokas aka mayar da ita jinsin Enterococcus, kuma cikin wannan zuriya juriyar maganin bankomaisin ta ɓulla a Faransa da Ingila, aka ba da labarinta a 1988; a 2002 aka same ta ta ƙetara zuwa Staphylococcus aureus a jikin wani majiyyaci a Michigan. Ƙwayar ciwon maƙogwaro, Streptococcus pyogenes, har yau fenisilin yana kashe ta, amma eritiromaisin, madogarar waɗanda jikinsu ba ya karɓar fenisilin, ya sha gazawa a kanta; da Finland ta taƙaita ba da eritiromaisin, juriyar ta sauko daga kashi 16.5 cikin ɗari a 1992 zuwa 8.6 a 1996.