Mbari: Gidan Zane-zanen Da Ya Raini Marubuta

Masu iya magana sun ce waiwaye adon tafiya. Da yawa daga cikinmu marubuta mun ɗauki gidan nunin zane-zane a matsayin wurin da ba ruwanmu da shi, inda ake rataye hotuna a bango, masu hali su zo su ba idonsu abinci su kama gabansu. To amma tarihin Mbari ta birnin Badun ya nuna mana cewa ba a nan gizo ke saƙar ba.

An buɗe Mbari ne a shekarar 1961, ba da jimawa ba bayan Nijeriya ta sami 'yancin kai. Ba wani katafaren gini ba ne, harabar wani gidan abinci ce ta 'yan Labanan a unguwar kasuwar Dugbe. Cikin waɗanda suka kafa ta akwai Ulli Beier, Bajamushen nan da ya fara mujallar Black Orpheus a 1957, da Wole Soyinka da J.P. Clark da Christopher Okigbo da Ezekiel Mphahlele na Afirka ta Kudu. Chinua Achebe ne ya raɗa mata suna, daga wani ɗakin laka mai ado na al'adar Ibo. Ta fuskar masu zane kuwa, akwai Demas Nwoko da Uche Okeke, waɗanda suka yi karatu a kwalejin Zariya da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962.

Abin da ya bambanta Mbari shi ne ba ta tsaya ga rataye hotuna ba. Tana da ɗakin nuni da ɗakin karatu da dandalin wasan kwaikwayo a tsakar gida. An baje ayyukan Ibrahim El-Salahi na Sudan da Malangatana na Mozambik da Jacob Lawrence, baƙar fatar Amurka. Wanda ya zo kallon zane sai ya zauna sauraron waƙa, wanda ya zo kallon wasa sai ya ƙare a ɗakin karatu. Daga wannan cuɗanya ce littattafai suka fito. A 1962 kaɗai, Mbari ta buga Heavensgate na Okigbo, wanda Nwoko ya yi wa zane, da kuma A Walk in the Night na Alex La Guma, wanda gwamnatin wariyar launin fata ta hana shi sakat a ƙasarsa.

Da abin ya karɓu, sai ya yi rassa. A 1962 Duro Ladipo ya buɗe Mbari Mbayo a gidansa da ke Oshogbo. A bitar da Georgina Beier ta gudanar a can a 1964 aka ba matasa, waɗansunsu 'yan wasan Ladipo, fenti da takarda. Daga cikinsu aka sami Twins Seven-Seven da Jimoh Buraimoh da Muraina Oyelami, waɗanda duniya ta san da zamansu daga baya.

Sai dai kowane allazi da nasa amanu. Kuɗin gudanarwa yana zuwa ne daga wata ƙungiya mai mazauni a Faransa, wato Congress for Cultural Freedom, wadda tsakanin 1966 da 1967 asiri ya tonu cewa hukumar leƙen asirin Amurka, CIA, ce ke ɗaukar nauyinta. Ana cikin haka Beier ya bar ƙasar a 1966, yaƙin basasa ya ɓarke a 1967, aka kashe Okigbo a fagen fama a wannan shekarar. Da jama'a suka watse, sai Mbari ta dusashe.

Darasi biyu ne a nan gare mu. Na farko, haɗuwar mutane ce ke raya irin wannan gida, ba kyan gini ba, don haka bai kamata mu nesanta kanmu da masu zane da 'yan wasa da mawaƙa ba, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Na biyu, kwaɗayi mabuɗin wahala: kafin mu miƙa hannu mu karɓi tallafi, mu fara tambayar aljihun da ya fito.